Basillar Tsohon Baduku

Kin tambaye ni kayan da mai koyo zai tanada kafin ya kunna na'urar yanka. Zan faɗa miki su, amma bari in fara ba ki wani misali.

An yi wani baduku da ya shekara arba'in yana yanka fata, yana fitar da zane a jikin jaka da kube da takalmi. Da girma ya zo, hannunsa ya soma rawa, ya bar sana'a, 'yarsa ta ɗauko shi ya dawo gidanta da zama. Ita 'yar tana son aikin ado. Wata rana ta shigo da na'urar nan da ake zana mata abu a waya, ita kuma ta yanka shi a jikin leda mai gam, a manna a kofi ko a riga. Mai shagon da ya sayar mata ya haɗa mata da shimfiɗa mai danƙo wadda ke riƙe ledar, da salatif mai faɗi na ɗaukar rubutu. Ya nuna mata tsinken tsincewa da magogi da askar canji, ta ce waɗannan duk tarkace ne, ai na'urar ce mai aikin. Ran da ta fara kunna ta, tsohon ya matso yana kallo. Furen da a da yake cin masa yini biyu, sai ga shi ya fito kafin shayinsa ya huce. Ya sa mata albarka har cikin zuciyarsa. Amma da ya koma mazauninsa a ƙofar ɗaki, sai ya ji kamar duniya ta gama da irinsa.

Ba a jima ba maƙwabciyarsu ta haihu, bayan shekara tara tana jiran rabo. Ta aiko da kofuna talatin, ta ce a rubuta musu sunan jaririyar, Bilkisu, da jar leda, don a raba wa mata ranar suna. Saura kwana biyu. Na'ura ta yanka sunan tsaf, sai dai yanka daban, fitarwa daban. Dole a tsince ledar da ta rage a tsakanin haruffa, ita kuma 'yar da farce take yi. Ta ja nan, ƙafar harafi ta yage. Ta ja can, ɗigon ya bi yatsarta ya ɓace. Wanda ya fita lafiya kuwa, in ta manna a kofi sai iska ta shige ƙarƙashinsa ya yi ƙuraje. Kafin azahar askar na'urar ma ta fara jan leda maimakon yanka, kuma jar ledar da ta rage ba ta da yawa. Tsohon yana zaune yana jin tsakinta. Amma yana tsoron kada ya tsoma baki a abin da ba na zamaninsa ba. Sai da ya ga ta kifa kai a gwiwa, sannan ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya janyo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado. Ya fito da basilla siririya, da matsefata, da wani ƙashi da hannu ya goge shi har yana sheƙi.

Ya ce, "Uwata, ban san na'urarki ba, amma na san yanka. Ba ni in gwada."

Ya kai basillar kan ledar, hannun ya ƙi tsayawa, bakinta na ta zillewa. Ya yi murmushin kunya zai ajiye. Sai 'yar ta karɓa, ta ɗora tafinsa a bayan hannunta, ta ce, "Baba, kai ka ja ni."

Haka suka yi. Ya nuna mata ta soki kusurwa, ta ɗaga a kwance, kada ta fizga sama. Ɗigon da ya motsa, matsefata ta mayar da shi mazauninsa. In an manna a kofi, a bi da ƙashin daga tsakiya zuwa gefe, iska ta fita. Ya sa ta zaro askar ya duba a hasken rana, ya ga gam ne ya daskare a bakinta, ya goge da ƙyalle. Ya kuma hana ta sa leda mai kyau sai ta gwada a guntu tukuna, kamar yadda ubangidansa ya hana shi taɓa jar fata sai da ya ƙware a kan yanke-yanken da ake zubarwa. Kofi na huɗu bai fito ba sai da hannunta ya gane hanya, ya janye nasa a hankali, ita ba ta ma lura ba. Ranar suna mata suka riƙa juya kofunan suna tambayar wa ya yi. Daga ƙofar ɗakinsa ya jiyo muryarta ta kan katanga tana cewa, "Ni da Baba muka yi." Ya sa bakin rawaninsa ya share ido.

To, kin ji. Ki tanadi shimfiɗa da salatif, da tsinke da magogi da askar canji, ki ajiye guntayen gwaji, kada ki raina ko ɗaya. In kuma akwai wani a gidanku da ya taɓa riƙe almakashi ko aska shekara da shekaru, ki jawo masa kujera kusa da ke. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.