Hannaye Biyar a Ɗakin Likita

Ranar da likitan Nasara ya buɗe ɗakinsa na barikin Filinge, ni na shige gaba da takun tafinta mai albashi. Kurfayawa, mutanen yankin, sun ce gawarwaki yake tarawa. Aikina in nuna musu siffofin jikin mutum ne na kakin zuma kawai.

Kawuna, tsohon ɗan bori, ya biyo ni. Ga ciki a buɗe, ga huhu ja kamar yanzu mahauci ya ciro shi. Na ƙwanƙwasa goshin wata mace, na yi dariyar da na koya wurin Faransawa.

"Kaki ne, Kawu. Ba ya cizo."

Bai kula ni ba. Ya tsaya gaban wani katako mai hannaye biyar a jere, masu nuna matakan kuturta. Na biyar dungu ne, na huɗu saura yatsa biyu. Haka kuturtar ke raguwa har na farko, lafiyayye, sai ɗan tabo jaja-jaja a bayansa.

Kawu ya nuna na farkon. "Wanga na wa ne?"

Na wa kuwa? Watan jiya likita ya ɗauki siffar hannuna, ya ce bai taɓa ganin yatsu masu kyau haka ba. Mako guda ina ba da labari a kasuwa.

Kawu ya bi hannayen da ido, daga nawa zuwa dungun. Ya ja baya taku ɗaya.

"Ɗana, kai ke jin harshen likitan. Tambaye shi shekara nawa ke tsakanin kowane hannu da na gabansa."