Fuskar da Kaka Ta Goge

Shekarata tara muka gudo daga Borno, muka raɓe a ɗaki ɗaya a gidan kawuna a unguwar Bekaji. Kakata ba ta tsira da komai ba sai wani hoto da ta ƙulle a bakin zani. Idonta ya riga ya tafi, amma kullum sai ta kwance shi ta yi ta shafawa.

Wata rana bayan la'asar ta kira ni. "Maigidana, zo ka ara mini idonka."

Hoton baƙi da fari ne, yana ƙamshin turaren wuta. Ta ce an ɗauke shi tun zamanin da mai hoto ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Ga ta nan yarinya ɗanya a kan kujera, kakana yana tsaye a bayanta cikin babbar riga.

"Malam murmushi yake yi ko?" ta tambaye ni. "Na manta."

Na duba da kyau. Tsakanin hula da wuyan riga babu komai sai farin tabo, daidai faɗin babban yatsanta.

"Kaka, ai ba shi da fuska. Ta goge."

Can ta ce, "Ashe ni na cinye shi."

Ta miƙo mini hoton, ba ta ƙara karɓarsa ba har ta rasu. Na girma, amma har yau ina jin haushin yaron nan da ya kasa cewa, "E, Kaka, murmushi yake."