Bakin Mayafin Suruka

Ku 'yan zamanin nan kunnen ƙashi gare ku. Mutum ya koyi babur da hantsi, kafin la'asar ya ɗora uwar wani a baya, in aka ce masa gyara sai ya kumbura kamar an zagi ubansa. To ku zauna ku ji abin da ya sami wani manomin albasa, wanda ya fi ku ƙarfi, ya kuma fi ku ladabi.

Shekarar da albasa ta yi masa kyau ya sayi sabon babur ja, ko ledar kujera bai yarda an cire ba. Kwana huɗu yana zagaye a masussuka, ya iya tayarwa, ya iya sa giya, ya iya murɗa totur har kaji su watse. Tsayawa ce kaɗai bai koya ba. A bakin hanyar garin akwai wani tsoho mai faci da ke zama a gindin ɗorawa, wanda ya ga faɗuwa iri-iri. Ya kira shi ya ce hular kwano a ka take aiki, ba a rataye a hannun babur ba. Ya ce in ya shiga yashi kada ya damƙe birkin gaba, ya saki totur ya taka na baya sannu-sannu. Ya ce in zai ɗauki mace, kada ya tashi sai ya waiwaya ya ga ta tattare tufafinta ta danne a cinya. Manomi ya ce to, amma a ransa cewa ya yi tsohon nan ciniki yake nema, so yake a riƙa kawo masa babur yana taɓawa. Ana haka matarsa ta yi haihuwa ta biyu. Ana gobe suna ya zama dole a ɗauko uwarta daga ƙauyensu, ga ta da ciwon gwiwa, mota kuma ba ta shiga can sai ranar kasuwa. Ya sa sabuwar hula mai aiki, ya rataye hular kwanon a hannun babur don kada ta ɓata masa kari, ya tafi. Ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ta hau ta zauna gefe guda, ƙwaryar yajin jego a cinyarta, ko inuwarsa ba ta kalla ba. Tun kafin su bar ƙofar gida ya hango a madubi bakin mayafinta yana lilo kusa da tayar baya. Ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ina shi ina gaya wa suruka yadda za ta yafa mayafinta? Ya ce bari ya yi sauri su isa kafin wani abu ya faru.

Sun zo daidai ɗorawa mai faci ya miƙe yana ɗaga hannu, yana cewa, "Malam, tsaya a gyara mayafin nan!" Manomi ya ji kamar an tsinka shi a gaban suruka, ya ƙara wuta. Ko kamu ɗari bai yi ba taya ta cafke mayafi ta naɗe. Allah ya taimaka tsohuwa ba ta zagaya shi a wuya ba, yafawa kawai ta yi, sai ya zame ya tafi har da ɗankwali. Manomi ya firgita, ya damƙe birkin gaba a tsakiyar yashi, babur ya watsar da su. Ita ta sauka a kan yashi mai laushi, gwiwar hannu ce kawai ta kuje, yaji ya tashi sama, masu kawo ɗauki suna ta atishawa. Shi kuwa bakinsa ya daki dutse, salansar babur mai zafi ta kwanta masa a ƙwauri. Da ya ɗago, abin da ya fara gani furfurar surukarsa ce a buɗe, a gaban maza, a tsakiyar hanya, abin da ko 'yarta ba ta cika gani ba. Mai faci ne ya warware rawaninsa ya miƙa mata. Ta rufe kai, ba ta dubi surukin ba, ta ce wa tsohon, "Malam, faɗa wa mai babur ɗin nan, da ya yi magana, da ina da ɗankwalina, yana da haƙoransa." A amalanken shanu ta ƙarasa gari.

Da ƙuna ta warke, da ƙafarsa ya taka zuwa gindin ɗorawa, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya yi mako biyu ba abin da yake koyo sai tsayawa. Yau a garin nan tsofaffi sun gwammace su jira shi da su hau bayan wani, domin hular kwano na kansa, kuma ba ya tashi sai ya waiwaya ya ce, "Inna, a tattare mayafi." Surukar ma ta sake hawa, ta kuma tattare mayafinta. Amma ranar sunan nan yana kwance da kumburarren baki yana kurɓar kunu ana cin ragon ɗansa, haƙoran gaba biyu kuwa suna can cikin yashi har gobe. Dama Hausawa sun faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.