Matar Cikin Waya

Kwalin shayin rage ƙiba na uku ke nan da ta sayo, kuma yau mijin ya gani.

"Haba maman yara, kuɗin kwandon tumatir biyu kike shanyewa?"

"Kai nawa wasan wayar nan ya cinye maka? Ga gonarka a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kana noman ƙarya a waya. Tunda na yi jiki ka daina kallona."

Ta fizge wayar. Gonar shinkafa ce a ciki, da wata mata mai kumatu, ta cika zaninta fam, har da wushirya irin tata.

Ya sosa ƙeya. "Siririya suka ba ni. Sai da na biya aka mayar da ita ke."

Da ta kwashe tuwo, ta ƙara wa kwanonta malmala ɗaya.