Mahaƙin Rijiya da Mai Riƙon Igiya

Kai da aka ba gyaran ɗan agogon nan na cikin na'ura, wanda in ya ji ta yi shiru fiye da kima yake kashe ta ya sake tayar da ita, ajiye aikin tukuna ka ji wannan.

An yi wani mahaƙin rijiya da ke aiki da yayansa. Shi ne mai shiga, yayan yana bakin rijiya riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun ƙanen. Rijiya in ta yi zurfi tana tara wata iska mai nauyi. Ba ta da wari, ba ta shaƙe mutum, rarrashinsa take yi har ya yi barcin da ba a tashi. Don haka suka yi yarjejeniya: zai riƙa girgiza igiya a kai a kai, in kuwa yayan ya rera waƙar noman garinsu daga farko har ƙarshe bai ji motsi ba, ya jawo shi. Abin da ba su lura da shi ba, ƙanen, da shi ma da waƙar yake auna lokacin girgiza igiya, jan ta yake a hankali kamar makiyayi, yayan kuwa gaggawa yake mata, har amshi yake tsallakewa. Sai mahaƙi yana tsakiyar fama da dutse ya ji an yi sama da shi, diga a hannu, lafiyarsa ƙalau. Ran da abin ya ishe shi ya ce, "Yaya, daga yau kada ka ja ni sai na kira ka." Yayan ya gyaɗa kai.

Wata rana da hantsi ya sauka wata rijiya da ta kusa kai ruwa. Ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa, sama kuwa ta koma can nesa kamar farin faifai. Ya yi sara, ya yi sara, sai wata gajiya mai daɗi ta sauko masa, ya jingina da bango don ya ɗan numfasa. Nan ya ga ruwa ya tsattsafo, garai-garai, ya ɗaga shi a hankali har bakin rijiya. Ga gari ya yi kore shar, shanu na sha, mata na cika tuluna ba mai faɗa da wata. Mahaifiyarsu da ta daɗe da rasuwa tana gindin tsamiya tana wanke ƙwarya, ta yafito shi ya zo ya huta. Bai ji tsoro ba, balle ya ga dalilin kiran kowa. Ya ɗaga ƙafa zai tafi wurinta ke nan, wani zafi ya sare shi a haƙarƙari. Da ya buɗe ido, a bakin rijiya yake kwance, baki cike da yashi, kai kamar zai tsage, yayansa na durƙushe a kansa yana kuka, igiya ta saɓule masa fatar hannu. Ashe yayan ya rera waƙar, ya sake rerawa, yana jiran kiran da ba zai zo ba, kafin ya yi ta maza ya karya alkawari. Saura ƙiris da gawa ya jawo.

Bayan ya warware, ba su koma bakin rijiya ba sai da suka zauna a inuwa suka rera waƙar tare, baki ɗaya, har tafiyarta ta zama guda a bakinsu: tsawon da zai ishi mutum fasa dutse, amma ba zai ishi iskar nan gama aikinta ba. Kai ma haka za ka auna wa agogon naka lokaci tun kafin a fara aiki. Hausawa dai sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.