Madubin Ɗakin Gwaji

Injin aunawa ya fara zana layinsa, ɗalibai suka yi cirko-cirko a bayan Farfesa. Ita kuwa idonta na kan tsohon madubin da ke jingine a teburinta, wanda saboda shi suka laƙaba mata Mai Madubi. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalilinsa, don ba a tambayar abin da ido ya gani.

Da shi take koyarwa. Takan ce wasu sinadarai tagwaye ake haifarsu, na dama da na hagu, nauyi ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ya warkar, ɗan'uwansa ya yi ɓarna. Sauran malamai tafukansu suke ɗagawa su nuna wannan, ita sai ta kara tafinta a jikin gilashi. Wani lokaci takan ga kamar na cikin madubin ya riga nata motsi, tsikar jikinta ta tashi, ta kau da kai.

Aikin rayuwarta katalis ne, wani ɗan gari da ake barbaɗawa a haɗi. Dillali ne, ya haɗa sinadarai, ya karkaɗe riga ya yi gaba. Ita so take nata ya zama dillali mai son kai, ya fito da na dama kaɗai. A kansa ta yi furfura. Gwaji ya lalace, ta maƙale wata kwalbar a gefen tebur, ta murɗe murfi, ta koma farko.

Saboda Inna take yi. Lokacin da Inna take da cikin Farfesa, laulayi ya sa ta a gaba, ta sha wata ƙwaya da aka ba ta. An yi rashi a wannan cikin, rashin da ba a yi wa zaman makoki ba. Tun daga nan Inna ta juya madubin ɗakinta yana kallon bango, kuma ko ruwa za ta miƙa wa 'yarta sai ta ce a yafe mata. Wannan roƙo ya bi Farfesa makaranta, ya bi ta wurin aiki, har cikin hucin injina take jinsa.

Ta sha gaya mata cewa tagwayen nan ne a gauraye cikin ƙwayar, masu yin ta suka kasa raba su. Inna ta ce zancen lallashi ne, ba za ta yarda ba sai ranar da aka raba su ta gani. Yanzu ga ta a gadon asibiti, likita ya ce a kira 'yan'uwa. Farfesa ba ta tsoron komai kamar tsohuwar ta tafi da wannan kaya a kanta.

Layin injin ya tashi tudu ɗaya, ya sauko. Inda tudu na biyu, na mugun ɗan tagwayen, ya saba tashi, ya wuce a miƙe. Ɗalibai suka kaure da tafi, ita kuwa ta bugi tebur, yadda ta saba. Ta jefa 'yar kwalbar a aljihu, ta saka madubin a hammata, ta nufi asibiti.

Inna ta daɗe tana duban farin garin.

"Ina mugun?"

"Bai zo ba, Inna. Ko haihuwarsa ba a yi ba."

"Ashe ana iya rabawa," in ji ta, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Ashe ba ni ba ce."

Sai idonta ya faɗa kan madubin, ta gane nata ne, ta fara kau da fuska. Farfesa ta roƙe ta ta duba sau ɗaya. Ta tsayar da shi a kan gado, ta jingina masa kafaɗarta ta hagu, ta miƙa tafin hannunta ɗaya tilo yadda take yi a aji.

Inna ta duba, kuma karon farko tun ranar haihuwa, ta ga 'yarta da hannu biyu.