Mai Gadin Ƙofar Bonane

Tun ƙarfe biyu na rana Alhaji Oumarou ya girka kujera a ƙofar gidansa da ke unguwar Talladjé a Yamai, ya ɗora gorar maganin basir ɗinsa a cinya, ya fara binciken baƙi.

Ranar talatin da ɗaya ga Disamba ce. Ɗan ƙaninsa Zubairu, direban taksi, ya yi sati yana roƙon a bar shi ya tara abokai a tsakar gida su yi bikin bonane na shiga sabuwar shekara. Alhaji ya yarda da ƙyar, bisa sharaɗi biyu: a watse kafin magariba, kuma in aka ji ko ƙanshin giya, ko aka ga ƙwaya ɗaya ta tramol, Zubairu ya ajiye lakilen mota, wato makulli. Taksin na Alhaji ne, kuma da shi Zubairu yake ci.

Alhaji kuwa ya ji labarin yaran Yamai. Sai su tsiyaya barasa cikin bisap, wato zoɓo, ka gan shi ja wur kamar na Allah da Annabi. Don haka duk kwalbar da za ta shiga sai ya ɗanɗana. In ya kurɓi bisap, sai ya buɗe gorarsa, ta yi ƴar tsss, ya kora da magani don kada ɗanɗano ya cakuɗe masa. Lemu-hari, lemon nan na haɗin gida, shi ma haka. Har ruwan leda bai tsira ba.

Zubairu na tsaye gefe yana zufa. Shi dai ya gargaɗi kowa, amma wa ya san cikin aboki?

A kwalba ta takwas Alhaji ya fara yi wa baƙi murmushi, mutumin da rabonsa da murmushi tun ranar da ya sauko daga Makka. A ta goma sha biyu ya rungumi wani tela daga Wadata, ya ce ya yafe masa, alhali bai taɓa ganinsa ba. Kafin la'asar hula ta koma ƙeya, Alhaji na tsakiyar fili yana juya babbar riga, yana cewa a ƙara kiɗa.

Can sai ya tsaya cak. Ya dafa bango, bangon ya goce.

"Zubairu," ya ce, harshe na sarƙewa. "An sa mini. Kawo lakile."

"Baffa, wallahi abin da ka sha shi kowa ya sha. Dubi mutane."

Alhaji ya duba. Samari ashirin zaune tsaf, kowa garau, suna kallonsa cikin ladabi. Wannan ya ƙara fusata shi, don a ganinsa sabo ne ya sa ba ta kama su ba.

Zubairu ya zaro lakile daga aljihu, ido ya kawo ruwa. Shekara uku yana lallaɓa motar nan, ga ta za ta tafi a kan bisap. Ya miƙa. Alhaji ya kai hannu sau biyu yana kuskurewa.

Hayaniyar ce ta fito da Hajiya Halimatou, matar Alhaji, daga ɗaki. Ta dubi mijinta, ta dubi gorar da ke yashe ƙarƙashin kujera, saura ɗan guntu a gindi yana kumfa. Ta ɗauka ta shinshina, ta kawar da kai da sauri. Sannan ta karɓi lakilen ta mayar wa Zubairu a aljihu.

"Alhaji," ta ce a hankali, "wannan ba jiƙon nan ba ne da ka ce ya yi ɗaci, ka zuba masa zuma da dabino, ka toshe, ka manta da shi kwana tara a kan kwanon rufi cikin rana?"